Daga Ɗakin Likita zuwa Aljihu: Tarihin Manhajojin Koyar da Natsuwa ga Matasa Masu Shaye-shaye

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da mai shaye-shaye da ke ƙoƙarin bari ya san cewa ranar da ya yi alkawarin dainawa ba ita ce ranar wuya ba. Wuyar tana gaba, ranar da ransa zai ɓaci, ko ya yi cacar baki da wani a gida, ko ya kwanta barci ya ƙi zuwa, sai ƙawar abin nan ta taso masa, irin ƙawar da mai cin goro ya sani in ya wuni bai sa ɓari a baka ba, amma ninkin ba ninki. A irin wannan lokaci likita ba ya kusa, mai ba da shawara ya tafi gida, abin da ya rage kusa da shi sai wayar da ke aljihunsa. Wannan ne ya sa masana a ƙasar Amurka suka shiga zuba darussan kwantar da hankali a cikin manhajojin waya. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne mu bi sawun abin, mu ga inda ya faro, da yadda ya shiga waya, da abin da ya iya, da kuma abin da ya gagare shi.

Tushen Abin

Dabarun da waɗannan manhajoji ke koyarwa sun girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A 1929 wani likita a birnin Shikago mai suna Edmund Jacobson ya wallafa littafi inda ya nuna cewa damuwar zuci tana tafiya tare da ɗaurewar tsokar jiki. Sai ya riƙa koya wa marasa lafiya su ƙanƙame tsoka su sake ta, gaɓa bayan gaɓa, har su gane bambancin jiki a ɗaure da jiki a sake. A 1975 kuma Herbert Benson, likitan zuciya a Jami'ar Harvard, ya fito da nasa littafin, bayan ya auna mutane masu zaman shiru na tara hankali ya tarar bugun zuciyarsu da numfashinsu suna raguwa. Dabararsa ba ta da wuya: mutum ya zauna a wuri mai shiru, ya riƙa maimaita kalma ɗaya tare da numfashi, na minti 10 zuwa 20.

Na ukunsu shi ne Jon Kabat-Zinn, wanda ya buɗe wani asibitin rage damuwa a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a 1979. Ya ɗauko zaman lura da numfashi daga al'adar mabiya Buddha, ya raba shi da harkar ibada, ya mai da shi darasi na mako 8 domin masu fama da ciwon da ya ƙi jin magani. Abin da yake koyarwa shi ne mutum ya lura da abin da ke faruwa a jikinsa da zuciyarsa a yanzu, ba tare da ya yi gaggawar gudu daga gare shi ba. To, duka ukun nan ba mashaya suka sa a gaba ba. Wani ne daban ya ƙulla dabarun da maganar shaye-shaye.

Marlatt da Igiyar Ruwa

Wannan mutum shi ne Alan Marlatt, haifaffen Kanada, shehun malamin ilmin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washinton da ke birnin Seattle. Shi da abokan aikinsa sun yi wata tambaya mai sauƙi ga mutanen da suka bar giya ko taba ko hirowin sa'an nan suka koma gidan jiya: me ya faru a ranar? Sakamakon da suka fitar a 1980 ya nuna cewa kashi 35 cikin 100 ɓacin rai ne ya mai da su, watau fushi ko baƙin ciki ko kaɗaici, kashi 20 matsin abokai, kashi 16 kuma saɓani da wani. Ashe ke nan yawancin masu komawa suna gudun wani abu ne da ke ci musu rai, abin mayen kuwa shi ne mafakar da suka sani.

A littafin da ya fitar tare da Judith Gordon a 1985, Marlatt ya kwatanta ƙawa da igiyar ruwa. Takan taso, ta yi tsiri, sa'an nan ta kwanta da kanta, ko an sha ko ba a sha ba. Mai kwale-kwale ba ya dambe da igiya, yakan daidaita jirginsa ya bar ta ta wuce. Haka aka riƙa koya wa mashayi ya zauna ya lura da inda ƙawar take a jikinsa, ko a ƙirji ko a maƙogwaro ko a tafin hannu, ya bi ta da numfashi har ta lafa.

Daga baya Marlatt da Sarah Bowen da Neha Chawla suka haɗa wannan da darasin Kabat-Zinn, suka tsara kwas na mako 8. Cikin abin da ake koyarwa akwai matakai 5 na lokacin da abin ya taso: ka dakata, ka lura da abin da kake ji, ka mai da hankali ga numfashi, ka faɗaɗa lura zuwa duk jikinka da wurin da kake, sa'an nan ka zaɓi abin da za ka yi. Marlatt ya rasu a 2011, bai ga babban gwajin da aka buga a 2014 ba. An yi shi da mutum 286, aka tarar bayan wata 12 waɗanda suka yi wannan kwas sun fi sauran ƙarancin kwanakin shan ƙwaya da na shan giya mai yawa.

A jami'ar nan dai a wancan lokaci akwai wata malama, Marsha Linehan, wadda ta wallafa tata hanyar a 1993 domin masu zafin zuciya da ke cutar da kansu. Ɗaya daga cikin dabarunta ita ce mutum ya aikata kishiyar abin da zuciya ta umarce shi: in kunya ta ce ya ɓuya, ya fita ya sami mutane, in fushi ya ce ya far wa wani, ya janye a hankali.

Shigar Abin cikin Waya

Duk waɗannan darussa suna bukatar aji da malami da zuwa mako-mako. Nan ne gizo ke saƙar game da matasa. Ƙididdigar da gwamnatin Amurka ke yi duk shekara ta daɗe tana nuna cewa 'yan shekara 18 zuwa 25 ne matsalar ta fi yi wa katutu, kuma mafi yawansu ba sa zuwa neman magani, saboda kunya da rashin kuɗi da ganin cewa abin bai kai can ba. Saboda haka sai aka fara tunanin kai musu darasin inda suke.

Kwamfuta aka fara gwadawa. A 2008 Kathleen Carroll ta Jami'ar Yale ta buga sakamakon wani shiri da ke koya wa masu jinya dabarun jure ƙawa ta hanyar gajerun finafinai a kwamfutar asibiti. Ana cikin haka sai waya ta canza kama: iPhone ta fito a 2007, kasuwar manhajojinta ta buɗe a 2008. A 2011 Shireen Rizvi da abokan aikinta suka gwada wata manhaja mai suna DBT Coach, wadda ke jan mutum mataki-mataki cikin dabarar Linehan ta aikata kishiya. Mutum 22 ne kawai suka riƙe ta, na kwana 10 zuwa 14, suka ce zafin zuciya da ƙawa sukan ragu bayan sun yi amfani da ita. Ba da jimawa ba manhajojin Headspace da Calm suka shiga kasuwa, suka sa zaman lura da numfashi ya zama ruwan dare, ko da yake ba don mashaya aka yi su ba.

Gwajin da ya fi jan hankali shi ne na David Gustafson na Jami'ar Wisconsin, wanda aka buga a 2014. An ɗauki mutum 349 da aka sallamo daga gidajen jinyar mashaya giya, aka ba kusan rabinsu waya mai manhajar A-CHESS. Manhajar tana ɗauke da sautin darussan natsuwa, tana gargaɗin mutum in ya kusanci mashayar da ya saba zuwa, tana da maɓallin neman agaji da ke sanar da 'yan uwa ko abokai, kuma tana iya aika wa mai ba shi shawara bayanin halin da yake ciki duk mako. Masu wayar sun yi shan wuce gona da iri na kwana 1.39 a wata, sauran kuwa kwana 2.75. A watan Satumba na 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da manhajar reSET ta kamfanin Pear Therapeutics, wadda likita ke rubuta wa mai jinya kamar yadda yake rubuta magani, ya bi darussanta na mako 12 yana kuma ci gaba da zuwa asibiti.

Inda Abin ya Gaza

Mai karatu zai lura cewa a duk inda aka ga nasara, akwai mutum a bayan wayar, ko likita ko mai ba da shawara ko ɗan uwa. Inda aka bar manhaja ita kaɗai, labarin ya sha bamban. An gwada manhajar Craving to Quit ta Judson Brewer, wadda ke koya wa masu shan taba lura da ƙawa, aka tarar bayan wata 6 masu amfani da ita ba su fi sauran yawan dainawa ba. A 2019 kuma wani bincike da Amit Baumel ya jagoranta ya duba manhajoji 93 na lafiyar ƙwaƙwalwa, ya tarar bayan kwana 30 da saukarwa, kimanin mutum 3 cikin 100 ne kawai ke buɗe su. Wannan babban cikas ne, domin natsuwa sana'a ce da sai an yi ta bita kullum kafin ranar bukata. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai koyi lura da numfashinsa ba lokacin da hankalinsa ke kwance, ba zai iya ba lokacin da jikinsa ke rawa.

Akwai kuma maganar kuɗi da ta amana. Kamfanin Pear ya karye a watan Afrilu na 2023, saboda kamfanonin inshorar lafiya ba su cika yarda su biya kuɗin manhajar ba. A 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ɗauki mataki a kan wani kamfanin jinyar mashaya ta intanet mai suna Monument, bisa zargin miƙa bayanan masu jinya ga kamfanonin talla. Ga matashin da kunya ce ta hana shi zuwa asibiti tun farko, tonon asiri irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan haka, gwaje-gwajen da muka ambata galibi da manya aka yi su, matsakaicin shekarun mutanen Gustafson ya kusa 40. Sa'an nan wanda jikinsa ya riga ya kamu da giya ko ƙwayoyi dangin tiramadol, yanke su farat ɗaya yana iya kwantar da shi, na giya ma yana iya kisa, saboda haka sai da likita da magani.

Kammalawa

Wannan tarihi na Amurka ne, amma matsalar da ta haife shi tana ƙofar gidanmu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa kayan maye cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu ƙwayoyi irin su tiramadol, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Samari da 'yan matan nan da yawansu suna riƙe da waya, masu jinyar irin wannan cuta kuwa ba su da yawa. Duk wanda zai ƙirƙiro mana irin wannan manhaja, to, ya yi ta da harshen da yaron ke jin haushi da shi, ya tsare masa asirinsa, ya kuma haɗa shi da wani mutum mai rai da zai tambaye shi duk mako ko ya yi bitar darasinsa.