Wa Ya Faɗa, Kuma Ina Za a Same Shi? Matsalar Madogara a Nazarin Hausa

Da yawa daga mujallun ilimi na jami'o'inmu kan gindaya wa mai aiko da maƙala sharaɗin ya bi tsarin APA wajen kawo madogara da jera manazarta. Tsarin na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Amurka ne. Ya faro daga wata gajeriyar maƙala a 1929, bugu na bakwai na littafin jagorarsa kuma ya fito a 2019. Abu huɗu yake nema daga kowace madogara: wa ya wallafa, yaushe, mene ne sunan aikin, ina za a same shi. A fagen da aka tsara shi dominsa, inda sabon gwaji kan rushe na bara, wannan ya wadatar, shi ya sa ma shekara take biye da sunan marubuci kai tsaye. Amma manazarcin Hausa yana aiki da rubutun hannu da bakin dattijo da faifan makaɗi, kuma a ganina tilasta wa waɗannan shiga tsarin yadda yake yana ɓatar da abin da aka ƙirƙiro madogara dominsa: mai karatu ya iya bin sawu, mai ilimi kuma a ba shi haƙƙinsa.

Tun daga suna ake fara tuntuɓe. Tsarin ya ɗauka kowa na da sunan dangi da ake gado, don haka ake sa shi gaba, a taƙaita sunan yanka zuwa harafi ɗaya. Bahaushe kuwa sunansa na biyu yawanci na mahaifinsa ne, ko garinsu, ko laƙabi. Sai Sa'adu Zungur ya koma "Zungur, S.", Aminu Kano ya koma "Kano, A.", wato an bar sunan gari cikakke an yanke na mutum. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi harafi ɗaya tak ke raba su a ƙarƙashin Fodiyo. Duk wanda ya taɓa neman "Muhammad, A." a jerin manazartar kundin digiri ya san wahalar. Maganin ba shi da tsada: mujalla ta ce a rubuta suna cikakke.

Rubutun hannu ya fi haka sarƙaƙiya. Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1227 ta Hijira, wato 1812. Mai bincike da ya rubuta "Bello, 1812" bai faɗi komai ba tukuna, domin ba takardar da Bello ya rubuta ce a hannunsa ba. Ko dai kwafin wani almajiri ne, ko bugun Larabci na baya, ko fassara, kuma kwafe-kwafe kan saɓa wa juna. Abin da mai karatu ke buƙata shi ne wane kwafi, wa ya kwafa, a ina yake ajiye, wace lamba ke kansa, wace waraƙa. Masu tarihi da ke aiki a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna sun daɗe da sanin haka, suna kawo lambar fayil na Kanoprof ko Sokprof a ƙasan shafi. Tarihin sarakunan Kano da Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908 ba a ma san marubucinsa ba, amma sau da yawa a ƙarƙashin sunan Palmer ake jera shi, kamar shi ya wallafa.

Wannan ya kawo mu inda gizo ke saƙar. A tsarin APA, hirar da mai bincike ya yi da wani ba ta shiga jerin manazarta. A cikin matani kawai ake ambatonta, bisa hujjar cewa mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba. Bugu na bakwai ya ɗan sassauta game da ilimin baka na 'yan asalin ƙasa, ya ce a kawo cikakken suna da al'umma da wuri da rana, amma muddin ba a adana maganar a inda za a same ta ba, ba ta da gurbi a jerin. Sakamakon haka, ɗalibi zai yi wata guda yana ɗaukar tarihin rini daga bakin marina, ya rubuta maƙalar da kashi mafi tsoka nata daga gare su ya fito, sannan a duba ƙarshenta a tarar da sunayen Turawa da farfesoshi kawai.

Ba sabon abu ba ne. Labaran da Dorugu ya bayar suna cikin Magana Hausa na 1885, amma sunan Schön, wanda ya wallafa littafin, ake kawowa. Malam Shaihu ne ya tattara ya rubuta da ajami abin da Rattray ya buga a 1913 daga ƙasar da yanzu ake kira Gana. Baba ta Karo ce ta ba da tarihin rayuwarta, littafin 1954 kuma na Mary Smith ne a jerin manazarta. Ba zargin waɗannan masu wallafawa nake yi ba. Sun ambaci mutanen a cikin littattafansu, Smith ma da sunan Baba ta raɗa wa nata. Jerin manazarta ne ba shi da gurbin mutum biyu masu aiki daban, mai faɗa da mai rubutawa, sai ya zaɓi mai alƙalami. Abin mamaki shi ne mu da muka gaji isnadi, inda ba a karɓar hadisi sai an san wa ya ji daga wa, mu ne muka yarda sunan mai ruwaya ya ɓace.

Waƙar baka ma haka. Mamman Shata ya rera Bakandamiyarsa a wurare da lokuta daban-daban, yana ƙari yana ragi. Kawo sunansa da sunan waƙar da "babu shekara" bai nuna wace rerawa aka nazarta ba. Dole a faɗi faifan ko kaset ɗin, da inda aka samo shi, da mintin da ɗan waƙar ya faɗo.

Masu kare tsarin suna da hujja. Daidaito yana sauƙaƙa wa edita aiki, rumbunan intanet da ke ƙirga ambato kuma tsarin da suka sani suke karantawa, ga shi ƙarin girman malamin jami'a ya rataya a kan wannan ƙirge. Akwai kuma wanda aka yi hira da shi da ba ya son a bayyana shi, musamman a bincike kan bori ko rikicin sarauta, kuma wannan haƙƙinsa ne. Amma babu ɗaya daga cikin hujjojin da ya hana mujalla ta riƙe APA ga littattafai da maƙalu, ta ƙara shafi guda na ƙa'idar gida: sashe na musamman na waɗanda aka yi hira da su, da suna da shekaru da sana'a da gari da rana, ga duk wanda ya amince.

Hujjar cewa hira ba a iya komawa gare ta kuwa tana faɗuwa da zarar an ajiye sautin a wurin da ke ba shi lamba, irin Gidan Arewa da ke Kaduna ko ɗakin karatun jami'ar mai binciken. Daga nan hira ta zama kayan adana tarihi, APA ɗin kansa ya yarda ta shiga jeri. Editoci na iya sa wannan ajiya ta zama sharaɗin karɓar maƙala, tun kafin wayar da aka ɗauki muryar dattijon da ita ta lalace.