Tarihin Dasa Wayar Lantarki a Ƙwaƙwalwa don Cutar Karkarwa

Cutar karkarwa, wadda likitoci ke kira Parkinson, tana kama mutum ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka fara mutuwa. Hannu yakan yi rawa ko da mutum yana zaune, jiki ya sandare, tafiya ta koma jan ƙafa. Likitan Landan James Parkinson ne ya fara bayyana ta dalla-dalla a 1817, daga baya Jean-Martin Charcot na Faransa ya laƙaba mata sunansa.

Tiyata ta riga maganin levodopa zuwa. A 1947 Spiegel da Wycis suka ƙera wani ƙarfe da ake ɗaura wa kai, wanda ke bai wa likita damar isa can cikin ƙwaƙwalwa ta ƙaramin rami. Da shi aka riƙa ƙona ɗan gurbin da ke haddasa rawar. Aikin yana tsayar da karkarwa, amma abin da aka ƙona ba ya dawowa, kuma idan aka yi wa ɓangarorin biyu, sau da yawa magana takan lalace. Da George Cotzias ya nuna amfanin levodopa a 1967, sai aka kusa jingine tiyatar baki ɗaya. Bayan shekaru aka ga cewa ƙarfin maganin yana raguwa, yana kuma jawo fizge-fizgen gaɓoɓi.

A 1987, a birnin Grenoble na Faransa, Alim-Louis Benabid ya lura cewa idan ya ƙara saurin bugun lantarkin da yake gwaji da shi kafin ƙonawa ya haura 100 a daƙiƙa, rawar takan tsaya nan take, in ya kashe ta dawo. Sai ya bar siririyar wayar da ke kai lantarkin a ciki maimakon ya ƙona gurbin. Ana haɗa ta da batir da ake binnewa ƙarƙashin fata a ƙirji, likita kuma yana iya ƙara ƙarfin ko ya rage ba tare da sake yanka ba. Wannan ne babban fifikonta a kan ƙuna. A 1993 tawagarsa ta koma wani gurbi mai zurfi da ake kira subtalamus. Amurka ta amince da aikin don rawar jiki a 1997, don Parkinson kuma a 2002. Ba ya warkar da cutar, alamunta kawai yake dannewa, kuma ba a yi wa wanda mantuwa ta riga ta kama.

A Najeriya, sana'ar tiyatar ƙwaƙwalwa ta faro ne a Ibadan a 1962 a hannun Latunde Odeku. Sakkwato ta samu nata rabon da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda Farfesa Bello Bala Shehu ya horar da likitoci. Can ake tura masu larurar ƙwaƙwalwa daga Jabo, Tambuwal da Kebbe. Sai dai a ƙauyukan nan mai karkarwa yakan daɗe bai je asibiti ba, domin ana ɗora rawar a kan tsufa, wani lokaci a kan sammu ko iska. Na'urar dasawa tana da tsadar da ta fi ƙarfin manomi, tana kuma buƙatar hoton ƙwaƙwalwa, da likitan jijiyoyi mai daidaita ta a kai a kai, da sauya batir bayan 'yan shekaru. Saboda haka levodopa da motsa jiki su ne jinyar da akasarin masu cutar a yankin ke iya kaiwa gare ta.