Maryam: asalin sunan, ma'anarsa da yadda karɓuwarsa ke sauyawa

A Umm Rakuba, kusa da garin Doka a jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, akwai sansanin 'yan gudun hijira da aka sake buɗewa a watan Nuwamba na 2020, bayan ɓarkewar yaƙi a yankin Tigray na ƙasar Habasha. Mafi yawan waɗanda suka sauka a can Kiristoci ne masu magana da harshen Tigrinya. A garuruwa da gonakin dawa da riɗi na jihar kuwa akwai Larabawa da Hausawa Musulmi. Harshe ya raba su, addini ma haka, amma akwai suna ɗaya da kowa ke da shi a gidansa: Maryam.

Asalin sunan

Tushen sunan shi ne Miriyam na harshen Ibrananci. Mace ta farko da aka sani da shi a cikin Attaura ita ce 'yar'uwar Annabi Musa da Annabi Haruna. A harshen Aramiyanci ana furta shi Maryam, kuma haka yake a Larabci. Ta hanyar Girkanci da Latin ne ya zama Maria, daga nan Faransawa suka samu Marie, Ingilishi kuma Mary. A zamanin Annabi Isa, yana cikin sunayen da suka fi yawa a tsakanin matan Yahudawa, shi ya sa Linjila ta ambaci mata da dama masu wannan suna.

Ma'anarsa

Masana harshe sun kasu a kan ma'anar. Wasu sun danganta shi da kalmar Ibrananci mai nufin ɗaci, wasu da mai nufin bijirewa. Wasu kuma na ganin asalinsa tsohon harshen Masar ne, daga kalmar da ke nufin abar ƙauna, tunda a Masar aka haifi 'yar'uwar Annabi Musa. Malaman tafsiri irin su Zamakhshari sun fassara shi da mai bautar Allah, kuma wannan ce ma'anar da ta fi yaɗuwa a tsakanin Musulmi.

Iyaye dai ba don ma'anar kalma suke zaɓensa ba, sai don darajar mai sunan. Nana Maryam ce kaɗai macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, har sau 34, kuma sura ta 19 sunanta take ɗauke da shi. Tarihin Musulunci ya nuna cewa lokacin da sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, daga wannan sura Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta wa sarki Najjashi, wanda ya ba su mafaka. Cibiyar waccan daula, Aksum, tana cikin Tigray ta yau, kuma a nan ne cocin Maryam Tsiyon yake. Saboda girman Maryam a wurin Kiristocin Habasha, har maza na ɗaukar sunan a haɗe: Hailemariam na nufin ƙarfin Maryam, Gebremariam kuma bawan Maryam.

A bakin Hausawa

Bahaushe ba ya son kalma ta ƙare da baƙi, don haka ya ƙara wa sunan wasali: Maryamu, Maryama, Mairamu. Ya kuma taƙaita shi zuwa Mairo. Hausawa Kiristoci suna amfani da Maryamu, kamar yadda yake a Littafi Mai Tsarki na Hausa. Idan aka raɗa wa jaririya sunan kakarta ranar suna, sau da yawa akan sakaya shi da Ummi ko Mama saboda alkunya, ta yadda yarinya za ta girma maƙwabta ba su san Maryam ce ba sai ranar da aka kai ta makaranta.

Sunan ya daɗe a ƙasar Hausa. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ita ce Maryam, malama kuma marubuciya, wadda ta ci gaba da aikin karantar da mata na 'Yan Taru bayan rasuwar yayarta Nana Asma'u a 1864. Hausawa da Fulanin da suka yi gabas a hanyar aikin hajji, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, sun tafi da irin waɗannan sunaye. A gabashin Sudan sun tarar da sunan yana da nasa martaba, musamman saboda Sharifiya Maryam al-Mirganiyya ta ɗariƙar Khatmiyya, wadda ta rasu a 1952, kuma har yanzu ana ziyartar kabarinta a Sinkat.

Hawa da sauka

A ƙasashen Turawa sunan ya yi tashe sannan ya ja baya. A Amurka, Mary ne kan gaba a sunayen 'yan mata daga 1880 zuwa 1946, ya sake komawa kan gaba daga 1953 zuwa 1961, amma a 2009 ya fice daga ɗari na farko. A Faransa ma Marie ne ya mamaye rabin farko na ƙarni na 20 kafin ya yi sanyi. A daidai lokacin kuma, Maryam ya shiga jerin sunaye ɗari da aka fi raɗawa a Ingila, saboda iyalan Musulmi da ke can.

A wurin Hausawa sunan bai ja baya ba, furucinsa ne ya sauya. Mairo da Mairamu yanzu an fi jin su a kan tsofaffi da mutanen karkara. Makarantun Islamiyya sun dawo da furucin Larabci, sannan fitattun mata sun ƙara masa farin jini: Maryam Babangida, wadda ta kafa shirin inganta rayuwar matan karkara a 1987, da Maryam Abacha a Najeriya, da Mariama Keita, mace ta farko 'yar jarida a Nijar. A Sudan, Maryam Sadik al-Mahdi ta riƙe ma'aikatar harkokin waje a 2021. Ga Hausawan Sudan, waɗanda 'ya'yansu ke karatu da Larabci, Maryam ne na takarda, Mairo kuma na tsakar gida.

Abin lura a takardu

Yawan siffofin sunan na iya zama matsala ga mai ƙetare iyaka. A Nijar akan rubuta Mariama, a Najeriya Maryam, a Chadi Mariam, a Sudan kuma da haruffan Larabci, waɗanda kowane ma'aikaci ke mayarwa boko yadda kunnensa ya ji. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, iyalai da dama sun watse, wasu zuwa Gadarif, wasu zuwa ƙasashen maƙwabta. Idan takardar haihuwa ta ce Mariama, katin rajista kuma ya ce Mairo, jami'i na iya ɗaukar su mutum biyu, abin da kan jawo jinkiri wajen karɓar agaji, shiga makaranta ko neman dangi. Abin da ya fi shi ne iyaye su tsaya a kan rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa, su duba kowane harafi kafin a buga hatimi, su bar Mairo da Ummi ga kiran gida.