Vaux-le-Vicomte: gidan bafaden da ya fi na sarki

Kimanin kilomita 55 kudu maso gabas da Paris, kusa da garin Melun, akwai wani katafaren gida da ake kira Vaux-le-Vicomte. Mai gidan shi ne Nicolas Fouquet, wanda ya riƙe baitulmalin Faransa tun daga 1653. Ya tara gwanaye uku: Louis Le Vau ya tsara ginin, Charles Le Brun ya yi zane da adon ɗakuna, André Le Nôtre kuma ya shimfiɗa lambun. Ƙauyuka uku aka tashe don a samu fili.

Lambun ne abin kallo. Idan baƙo ya tsaya a matakalar gidan, sai ya zaci ya ga komai, kuma ƙarshen lambun kusa yake. Sai ya fara tafiya zai gane an yaudari idonsa. Tafkunan da ke nesa an yi su manya ne don su yi kamar suna kusa, kuma akwai wata doguwar mashigar ruwa a cikin kwari wadda ba a ganinta sam sai an zo bakinta. Daga can, in ya waiwaya, zai ga gidan kwance cikin ruwan wani tafki kamar a madubi.

Ran 17 ga Agusta 1661 Fouquet ya shirya wa Sarki Luwi na 14 gagarumin biki a nan, har Molière ya yi wasan kwaikwayo. Ran 5 ga Satumba aka kama shi a garin Nantes. An fi cewa kishin gidan ne ya harzuƙa sarki, amma wannan ya yi sauƙi da yawa. Colbert ya daɗe yana kai ƙararsa kan cin dukiyar ƙasa, kuma sarki ya yanke shawara tun kafin bikin. Bikin dai ya ƙara masa hujja ne.

A 1664 alƙalai suka ce a kore shi daga ƙasa. Sarki ya ga hukuncin bai isa ba, ya mai da shi ɗaurin rai da rai. Fouquet ya mutu a kurkukun Pignerol a 1680, gwanayen nan uku kuwa sarki ya kwashe su suka yi masa aikin fadar Versailles.

Wani attajirin sukari, Alfred Sommier, ya sayi gidan a 1875 ya gyara shi, zuriyarsa kuma suka buɗe shi ga jama'a a 1968. Har yanzu ana ganin tambarin Fouquet a adon gidan, wato kurege, sarkin wayon tatsuniyoyinmu.