Nur Jahan: Matar Da Aka Kasa Raba Ta Da Muryarta

 Ko kina bakin murhu, ko kina kan keken ɗinki, ko kuwa kin samu yaro ya yi barci kin ɗan miƙe ƙafa, matso kusa ki ji. Yau tarihin wata mata na kawo miki daga nesa, daga ƙasashen Indiya da Pakistan. Sunanta Nur Jahan. 'Yar wasan fim ce, mawaƙiya ce, kuma ita ake lissafawa a matsayin mace ta farko da ta ba da umarni a fim a ƙasar Pakistan.

Na san akwai mai cewa, to mu ina ruwanmu da 'yar fim? Hukuncin waƙa da fim dai maganar malamai ce, ni ba fatawa na zo bayarwa ba. Dalilin da ya sa na zaɓo ta shi ne, sau uku duniya tana sa matar nan a tsaka mai wuya, kuma kowane karo sai ta rabu da wani babban abu. Ina so mu bi labarin tare, mu ga abin da ya tafi, mu ga abin da ya rage mata.

An haife ta ranar 21 ga Satumba 1926 a garin Kasur da ke yankin Punjab, lokacin Turawan Ingila na mulkin Indiya kamar yadda suke mulkinmu a nan. Sunanta na yanka Allah Wasai. Gidansu gidan makaɗa da mawaƙa ne na gado, ga talauci, ga 'ya'ya har 11. Kuma irin kallon da ake yi wa gidan roƙo a wurinmu, a can ma haka abin yake: a ji daɗin waƙarka a wajen biki, amma ba a ɗaukar ka mutumin da za a haɗa zuri'a da shi.

Tun tana 'yar shekara biyar zuwa shida aka lura Allah ya ba yarinyar nan murya. Iyayenta ba su bar abin haka nan ba, suka kai ta wurin malamin waƙa. Waƙar gargajiya ta can karatu ce mai zaman kanta, ana koyon yadda ake jan numfashi, da yadda ake hawa da sauka da murya, kullum sai an yi bita, shekara da shekaru. Ki riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

A farkon shekarun 1930 aka tafi da ita birnin Kalkata neman abinci, ita da 'yan uwanta mata. A can ne aka laƙaba mata suna Nur Jahan, wato Hasken Duniya. A 1935, tana da shekara tara, ta fara fitowa a fim. Lokacin da tsararrakinta ke wasan 'yartsana, ita muryarta na cikin abin da ke ciyar da gidansu.

A nan sai in ɗan yi miki bayani. Fim mai magana bai fara a Indiya ba sai 1931, kuma a shekarun farko duk wadda za ta fito a fim ita ke rera waƙarta da bakinta. Saboda haka wadda ta haɗa kyan fuska da zaƙin murya, ai ta zama gwal. Nur Jahan ta haɗa duka biyun. Ta koma birnin Lahor a 1938, inda wani gwanin tsara kiɗa mai suna Ghulam Haidar ya riƙa shirya mata waƙoƙi. A 1942 ta fito a matsayin babbar jaruma a fim ɗin Khandaan. Kin san wa ya fito a saurayinta? Pran. E, Pran ɗin nan dai da muka sani da fitowa a bos, mai ɗaure fuska yana busa sigari. A lokacin saurayi ne ɗanye shakaf.

Wanda ya ba da umarnin fim ɗin shi ne Shaukat Husain Rizvi. Soyayya ta shiga tsakaninsu, danginta ba su so ba, amma aka yi auren, suka koma Bombai, birnin da yanzu ake kira Mumbai. A nan tauraruwarta ta haska sosai. A fim ɗin Badi Maa na 1945 wata yarinya ta fito tare da ita a ƙaramin matsayi, sunanta Lata Mangeshkar, wadda daga baya muryarta ta cika finafinan Indiya da muka taso muna kallo. A 1946 ta yi Anmol Ghadi a hannun Mehbub Khan, mutumin da ya yi Mother India a 1957. A 1947 ta yi Jugnu tare da Dilip Kumar, kuma a lokacin sunanta ya fi nasa girma nesa ba kusa ba. Duk wannan fa tana da shekara 21 ne kacal.

To, a nan jarrabawa ta farko ta zo. A watan Agusta 1947 Turawa suka tafi, aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Rabuwar ba ta zo da sauƙi ba. Sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu, Musulmi na gudu zuwa Pakistan, 'yan Hindu da 'yan Sikh na gudu zuwa Indiya, dubban ɗaruruwa suka hallaka a hanya. Akwai Musulmi 'yan fim da yawa da suka yi zamansu a Bombai, irin su Dilip Kumar da mawaƙi Muhammad Rafi. Ita kuwa garinsu Kasur ya faɗa ɓangaren Pakistan, sai ita da mijinta suka tattara suka bi can. Ta bar birnin da ake rububinta, ta je inda harkar fim ta durƙushe, domin yawancin masu kamfanonin fim na Lahor 'yan Hindu ne, kuma sun gudu.

Ba su zauna suna kuka ba. Suka karɓi wani tsohon situdiyo da masu shi suka bari, suka gyara, suka sa masa suna Shahnur, wato an ɗauko daga sunan mijin an haɗa da na matar. A 1951 suka fitar da fim ɗin Chanway da harshen Punjabi. Shi maigidan mutumin yankin masu jin Urdu ne, Punjabi kuwa harshen da ta sha a nono ne, sai aikin ba da umarni ya hau kanta, shi yana taimaka mata. Mai ba da umarni shi ne kamar uwar biki a gidan fim: shi zai ce wane tsaya nan, wance faɗi maganar kaza haka, mai kyamara ɗauko daga can, a sake, bai yi ba. Ki auna mace 'yar shekara 25, a 1951, tana ba maza wannan umarni, sannan ita ce jarumar fim ɗin, ita ce kuma mai rera waƙoƙinsa. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai. A 1952 ta fito a Dupatta, wanda har a Indiya aka yi ta kallonsa.

Jarrabawa ta biyu daga cikin gida ta fito. Zama ya ƙi daɗi tsakaninta da Rizvi, auren ya mutu. Situdiyon nan da ke ɗauke da rabin sunanta ya zauna a hannun mijin, 'ya'yansu uku suka zauna a hannunta. Duk wadda ta taɓa fita daga gidan da ta sha wahalar ginawa, da yara a gaba da kaya a ka, ba sai na yi mata dogon bayani ba. Daga Chanway ba ta sake ba da umarni a fim ba. Amma ta ci gaba da fitowa tana waƙa, da haka ta riƙe 'ya'yanta.

A 1959 ta auri wani ɗan wasa, Ijaz Durrani, wanda ta girme shi da shekara tara. Shi bai so matarsa ta ci gaba da fitowa a fim ba. Ga kuma hidimar yara, domin ta haifa masa mata uku, suka zama shida ke nan. Wannan ce jarrabawa ta uku. Ta amince. Fim ɗin Ghalib na 1961 shi ne na ƙarshe da ta fito a matsayin babbar jaruma, tana da shekara 35.

Mutane sun ɗauka shi ke nan, labarinta ya ƙare. Ashe yanzu aka fara. A lokacin tsarin fim ya riga ya canja: mawaƙiya za ta shiga ɗakin ɗaukar murya ta rera, a naɗa, sannan jaruma ta zo gaban kyamara tana motsa baki kawai. Irin abin da kika sani a finafinanmu na Hausa, inda za ki ga fuskar wata amma muryar ta Fati Nijar ce. Nur Jahan ta koma wannan aiki, ta shafe sama da shekara 30 tana yi, ta rera dubban waƙoƙi da Urdu da Punjabi. Jarumai mata suka yi ta zuwa suna wucewa, wata ta tsufa, wata ta yi aure ta daina, amma muryar da ke fitowa daga bakinsu ɗaya ce.

A watan Satumba 1965 yaƙi ya ɓarke tsakanin Indiya da Pakistan, aka yi kwana 17 ana gwabzawa, kuma Lahor na daf da bakin iyaka. Cikin wannan hali ta riƙa zuwa gidan rediyon Pakistan da ke birnin tana rera waƙoƙi, wasu na ƙarfafa wa sojoji gwiwa, wasu na taya iyaye mata jimamin 'ya'yansu. Matan da ke cikin gidaje, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar silima ba, ta akwatin rediyo suka ji ta, kamar yadda kike jin mu. Gwamnati ta ba ta lambar yabo, mutanen ƙasar kuma suna kiran ta Malika-e-Tarannum, wato Sarauniyar Zaƙin Murya.

Ga wani abu da ke ba ni tausayi. A 1970 aka yi fim ɗin Heer Ranjha. Jarumin fim ɗin shi ne mijinta Ijaz, wanda ya ce ta daina fitowa, shi kuwa bai daina ba. Jarumar wata ce daban mai suna Firdaus, waƙoƙin da ke fitowa daga bakin Firdaus ɗin kuma muryar Nur Jahan ce. Ba a daɗe ba wannan auren ma ya mutu. Ta bar fim saboda aure, auren bai ɗore ba, kuma ba ta koma wasan ba.

A 1982, bayan shekara 35 da barin Bombai, aka gayyace ta can wani taron tunawa da cikar fim mai magana shekara 50. Dilip Kumar ne ya gabatar da ita ga jama'a, ta kuma gana da firaministar Indiya, Indira Gandhi. Daga 1986 ciwon zuciya ya fara damun ta har aka yi mata aiki. Allah ya yi mata rasuwa a Karaci ranar 23 ga Disamba 2000, cikin goman ƙarshe na watan azumi, tana da shekara 74.

To 'yar uwa, mu yi lissafi. Birnin da ta yi suna, siyasa ta raba ta da shi. Situdiyo, saki ya raba ta da shi. Fitowa a fim, aure ya raba ta da ita. Abu ɗaya da babu wanda ya iya karɓewa shi ne karatun nan da ta yi tun tana ƙarama a gaban malaminta, tana bita kullum. Shi ya ciyar da iyayenta, shi ya riƙe mata 'ya'ya shida bayan aure biyu sun mutu. Ban ce rayuwarta duka abar koyi ba ce, ita ma ta biya da tsada, tun daga ƙuruciyar da ba ta mora ba.

Ba ina nufin ki ɗauki waƙa ba. Tambayata ita ce, me kika iya wanda ke cikin kanki da hannunki? Gado da kwanuka ana sayarwa, ɗaki ana iya cewa ki fita, amma ɗinkin hula, da saƙa, da kitso, da lissafin ciniki, da karatun da kika yi a islamiyya, duk inda kika sa ƙafa suna tare da ke, kuma ba sai an ga fuskarki za su amfane ki ba. Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, amma ko ana zaman lafiya, kada ki bari abin da kika iya ya yi tsatsa. In kuma kina da 'ya mace kin ga inda hannunta ko kanta ya fi kaifi, ki yi magana da mahaifinta a nema mata mai koya mata tun da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A nan zan dakata. Sai Allah ya sake haɗa mu, ku huta lafiya, a gaida maigida da yara.