Lulluɓe gindin bishiya a tsakar gida

Lulluɓe gindin bishiya shi ne a shimfiɗa busasshen ganye, ciyawa ko ɓawon gyaɗa a kan ƙasar da ke kewaye da ita, don kada rana da iska su shanye danshi. Amfaninsa ya fi fitowa da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, musamman a Tamale da Wa, inda ake watanni ba ruwan sama. Mangwaro ko lemon da aka dasa bana, idan aka bar gindinsa a buɗe, ruwan da aka zuba da safe kafin azahar ya ƙafe, ga shi a zango da kuɗi ake sayen ruwan nan.

A fara ba ƙasar ruwa sosai, sannan a shimfiɗa, kaurin santimita 5 zuwa 10, faɗin ya bi inuwar rassa. Amma kada shimfiɗar ta taɓa jikin bishiyar, a bar tazarar tafin hannu. Nan aka fi yin kuskure: a tara shara tudu guda a jikinta, ɓawon ya jiƙe ya ruɓe, gara ta samu hanya.

Ganyen da ake sharewa a ƙona kowace safiya ma ya isa, sai dai a tsince ledar ruwa, ba ta ruɓewa. Garin katako, irin na Sokoban a Kumasi, a bar shi ya tsufa tukuna. A sama ake zuba shi, ba a cakuɗa shi da ƙasa, domin yana janye naitirojin da saiwa ke bukata. Gidan da ake ganin kunama, a rage kauri.