Kalmomi masu ƙarewa da -ing: asali Ingilishi, ma'ana Faransanci

Allunan shaguna a Adjamé da Treichville cike suke da kalmomi masu ƙarewa da -ing. Daga Ingilishi Faransanci ya aro su, sai dai wasu sun sauya ma'ana a hanya.

Parking ba ta da rikici, wurin ajiye mota ne. Pressing kuwa a Abidjan shagon wanki da guga ne. A Accra ko Legas laundry za ka tambaya, domin a can guga kawai take nufi, ko abin gaggawa. Footing, gudun motsa jiki a nan, a bakin maginan Ingilishi tushen gini ne. Ta fi ɗaure kai smoking: baƙar kwat ta biki wurin telan Treichville, shan taba a Kumasi.